Ranar da Haladu Ya Sallami Lauyansa

Yaran unguwarmu da suka gama karatu suna jiran aiki sun mayar da dakalin ƙofar gidana majalisa. Ba na hana su, don suna ɗebe mini kewa tun da na yi ritaya. Rannan ɗaya daga cikinsu ya ji ana neman tafintoci a kotuna, sai ya ce shi kam zai nema kafin ya samu aikin kirki, tun da duk wanda ya iya Turanci kuma ya sha Hausa a nono ai ya gama koyon tafinta. Sauran suka yi dariya suna satar kallona. Sai aka kira magariba, muka watse. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, su karanta in sun ga dama. Ni tafinta ne. A kotun majistare na ƙare ƙarfina, yawanci a ƙasar Rano, kuma na gode wa Allah da bai ba ni wata sana'ar ba.

Shari'ar farko da na kalla ina koyo, ta wani dattijo ce daga Dawaki da aka ce ya doki makiyayi da sanda. Maigidana a aikin, Malam Bawa, shi ke tsaye, ni ina zaune a bencin baya an ce in buɗe kunne in rufe baki. Aka karanta tuhuma, Malam Bawa ya juya ta da Hausa. Dattijon nan ya durƙusa a cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma, har ba a ganin komai sai hularsa, ya ce, “Na tuba, ranka ya daɗe.” Ni a raina na ce shi ke nan, ya amsa laifi, sai hukunci. Malam Bawa ya faɗa wa mai shari'a kalmomin kamar yadda suka fito, sannan ya nemi izini a sake tambayar mutumin dalla-dalla. Aka ce ya miƙe. Aka tambaye shi, ya doki yaron ko bai doke shi ba? Ya rantse ko sanda bai riƙe ba ranar. Aka ce to tuban me ya yi? Ya ce ya ga an tara manya a kansa ne, ya ga bai kamata ya fara da musu ba.

Da aka tashi, Malam Bawa ya kira ni gindin darbejiyar da ke bayan kotu, ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari. Ya ce in lura, mutanenmu suna da kalmomin da suke shimfiɗawa a gaban hukuma kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma. “Na ji” ba yarda ba ce. “Haka ne” sau da yawa ladabi ne. “A yi haƙuri” ba ta nufin mutum ya yi laifin. Doka kuwa ba ta san ladabi ba, abin da aka rubuta shi ta sani. Ya ce tsakanin bakin talaka da alƙalamin mai shari'a akwai rami, mu aka ajiye mu tsaya a bakinsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa ake raina mu. Kunne ne, da maƙogwaro, da ƙafafu, domin tafinta a tsaye yake wuni. Ina da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, matata ta ɗinke mini shi da ƙyallen atamfa, sai kuma busasshiyar citta a aljihu saboda dishewar murya. Amma babban kayan aiki shi ne fuska. Malam Bawa ya koya mini yadda ake ajiye fuska a gida. Za ka ji ƙarya tsagwaronta, ka juya ta da muryar da ka juya gaskiya. Za a yi zagi, ka juya zagin, kada ka wanke shi. Na taɓa juya ashar ɗin wata tsohuwa mai sayar da daddawa da Turanci, kalma bayan kalma, ɗan sandan da ke gabatar da ƙara ya sunkuyar da kai yana ta tari, ni kuwa ko gezau. Sai da na je gida na yi dariyata.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ita ce shekarar da na ɗauka sana'ata ta mutu. Murna muka yi kamar kowa, wannan ba a magana. Amma kotunan Shari'a da Hausa ake komai, alƙali ya tambaya, mai ƙara ya amsa, babu mai tsayawa a tsakani. Ƙararraki suka kwashe suka koma can. Muka riƙa zuwa da safe, masinja ya share ɗakin, mu zauna muna kallon ƙadangaru a taga. Abokan wasana a kasuwa suka samu abin yi, in na wuce sai su ce ga mai sayar da Turanci an rasa mai saye. Ana ta raɗe-raɗin za a sallame mu. Na je Kibiya na ari wata 'yar fadama wurin ɗan'uwan matata na shuka albasa, ita ma ta ruɓe mini, don hannun da ya saba riƙe ƙamus bai san lokacin rage ban-ruwa ba. Allah da ikonsa, abubuwa suka daidaita. 'Yan sanda suka ci gaba da kawo wasu laifuffukan gaban majistare, lauyoyi suka ƙara yawa da zuwan mulkin farar hula, aka koma nemana har a ranar da ba ni da lafiya.

Da yawaitar lauyoyin nan ne wani sashe na aikin ya ƙara nauyi. Duk wanda aka gurfanar, dole a shaida masa yana da damar ɗaukar lauya, in ba shi da hali akwai na kyauta da za a iya nema masa, kuma in ya ga dama yana iya tsayawa ya kare kansa da bakinsa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kawai doka ba ta barin mutum ya tsaya shi kaɗai. Abu ne mai sauƙin faɗa. Matsalar ita ce mutumin ƙauye yana ɗaukar maganar kamar tayin abinci. Ka san in ka tarar da mutane suna cin tuwo aka ce bisimilla, ko da yunwa kake sai ka ce alhamdu lillahi. Haka suke yi wa lauya. Ka ce ana iya ba shi lauya kyauta, sai ya ce, “A'a, na gode, na yafe, kada in ɗora wa hukuma nauyi.” In ka juya wannan da sauri aka rubuta ya yafe lauya, ka cuce shi. Don haka nake neman izinin mai shari'a in bayyana masa cewa wannan ba tayi ba ne, haƙƙinsa ne kamar rabonsa na gado, ba wanda zai ga zarinsa in ya karɓa. Da yawa in sun ji haka sai su ce to a kawo. Wasu kuma sukan ƙi da saninsu, wannan kuwa damarsu ce, ba mai tilasta musu.

Cikin waɗanda suka ƙi da saninsu, ba na manta Haladu. Na sauya sunayen, amma labarin haka yake. Manomin albasa ne daga Unguwar Gai, mutum mai matsakaitan shekaru, siriri, mai maganar da sai ka matso kake ji. An tuhume shi da cinna wa dammunan dawar wani Alhaji Mati wuta a gona da kaka, noman shekara guda ya zama toka. Laifi ne mai ɗaurin shekaru. Dalilin zarginsa biyu ne. Na farko, shanun huɗar Alhaji Mati sun taɓa shiga irin albasar Haladu, suka yi cacar baki a kasuwar Kibiya, Haladu ya ce masa a gaban jama'a, “Za ka gani.” Na biyu, akwai shaida guda da ya gaya wa 'yan sanda ya ga Haladu a kan babur ya nufi gonar bayan la'asar, jim kaɗan kafin hayaƙi ya tashi. Wannan shaidar shi ne Malam Inuwa, mahaifin matar Haladu.

Malam Inuwa ba ƙaramin mutum ba ne a yankinsu. Shi ne mai nuna iyaka. Duk rigimar gona da ta tashi, dagaci shi yake aika wa, ya je ya tsaya ya nuna inda gamba ta tsaya tun zamanin kakanni, inda aka sare marke, inda ruwa ya cinye. In ya nuna, magana ta ƙare. Ba ƙiyayya ce ta sa ya ambaci surukinsa ba. 'Yan sanda sun same shi zaune a bakin hanya inda yake shan iska kullum, suka tambaye shi wa ya wuce, ya faɗa, bai san an riga an ɗora ido a kan Haladu ba.

An ba da belin Haladu, aka kuma samar masa lauyan kyauta, wani saurayi daga Kudu da ya zo bautar ƙasa. Yaron kirki ne, mai himma, takalminsa kullum a goge duk da ƙurar hanya, amma Hausarsa ba ta wuce “ina kwana” da “nawa ne” ba. Mai shari'ar da muke da ita a lokacin, wata Hajiya mai haƙuri da sanin ya kamata, ta ba da izini in tsaya musu in za su gana. Abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa amana ce, tafintan da ya tsaya a tsakani shi ma amanar ta hau kansa.

A bayan kotu muka zauna. Haladu ya ce shi ranar yana fadamarsa, can wani ɓangaren daban, shi kaɗai, ba wanda ya gan shi. Lauya ya ce to me zai sa surukinsa ya yi masa ƙarya? Haladu ya ce Baba bai yi ƙarya ba, ƙarar babur ya ji. Salansar babur ɗinsa ta fashe, tsohon ya saba da ƙararta, amma baburan da salansarsu ta fashe a wannan hanyar ai ba su ƙirguwa. Lauya ya ce ai gani ya ce ya yi, ba ji ba. A nan Haladu ya dube ni, ba lauyan ba, ya ce in tabbatar masa maganar ba za ta bar gindin bishiyar nan ba. Sannan ya faɗa. Idanun Malam Inuwa sun tafi. Inuwa-inuwa kawai yake gani. Haladu ne kaɗai ya sani, don shi ke ɗaukarsa zuwa asibitin ido a Kano da sunan za su gaishe da dangi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare. Tsohon ya roƙe shi ya rufa masa asiri, ko 'yarsa kada ta ji, domin ranar da aka san mai nuna iyaka ba ya gani, ranar ya tashi daga mutum ya koma abin tausayi.

Da na juya wannan, lauyan ya miƙe tsaye don murna. Ya ce shari'a ta ƙare. Zai tsaya daga nesa ya ɗaga yatsu ya ce tsohon ya ƙirga, ko ya tambaye shi launin rigar da mai shari'a ta saka. Haladu ya tambaya ko a gaban mutanen Unguwar Gai za a yi haka, don ya san za su cika mota su zo. Aka ce kotu a buɗe take ga kowa. Ya ce bai yarda ba. Lauyan bai yi fushi ba, ya zauna ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce ba zai tona abin da ba a ba shi izini ba, amma aikinsa ne ya girgiza shaidar, dole ya matsa wa tsohon da tambayar nisa, da hasken rana, da kalar hular mai babur. Haladu ba shi da boko amma ba wawa ba ne. Ya ga duk waɗannan hanyoyin gida ɗaya suke zuwa. Ya ce in yi wa Barista godiya, Allah ya saka masa da alheri, amma daga yau shi zai tsaya wa kansa.

Ranar da aka koma zama, lauyan ya shaida wa kotu an sallame shi, bai faɗi dalili ba. Mai shari'a ta ajiye alƙalami. Bahaushiya ce, tana jin duk abin da ake faɗa kafin in juya, amma da Turanci ake rubuta komai, don haka ta bi ta bakina. Ta tambayi Haladu ko wani ne ya tsorata shi, ya ce a'a. Ko lauyan ya ɓata masa rai ne a sauya masa wani, ya ce wallahi yaron mutumin kirki ne. Ta ce ya san in laifin ya tabbata ɗaurin shekaru ne? Ya san shi zai yi wa shaidu tambayoyi da kansa, kuma kotu ba za ta zama lauyansa ba? Ya ce ya sani. Ni ma na yi nawa, na nemi izini na yi masa bayanin nan na cewa ba tayi ba ne, ko da yake na san wannan karon ba kara ce ke damunsa ba. Ya ce, “Ranki ya daɗe, na fahimta sarai. Bakina zai ishe ni.” Ta rubuta. Amma ta ce wa lauyan ya riƙa zuwa yana zama a benci, duk ranar da Haladu ya sake shawara ƙofa a buɗe take. Na ga masu shari'a da yawa, kuma har yau ina yi wa wannan baiwar Allah addu'a saboda wannan ƙofar da ta bari.

Bakin nasa kuwa ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Da Alhaji Mati ya gama ba da shaida aka ce Haladu ya yi tambaya, sai ya gaishe shi tukuna, ya yi masa jajen dawarsa. Sannan ya ce, da ya ce masa za ka gani, ya ce wuta zai gani? Alhaji ya ce a'a. Ya ce to tun da ya sayi shanun nan, mutum nawa ne a Unguwar Gai suka ce masa za ka gani? Alhaji ya fara lissafi da yatsu kafin ya farga, ɗakin ya kwashe da dariya har sai da masinja ya tsawatar. Ɗan sandan da ya yi bincike ma Haladu ya sa shi ya amsa da bakinsa cewa ba a samu ashana ko fetur a jikinsa ko a gidansa ba. Lauyan yana benci yana gyaɗa kai. Kowa ya ga shari'ar ta rataya a kan mutum guda.

Ranar Malam Inuwa, mutanen Unguwar Gai suka cika ɗakin har taga. Ya shigo cikin farar riga da rawani, da sandarsa, yana tafiya a hankali kamar yadda manya ke yi, yana bin bayan masinja daf da daf. In ba ka sani ba, ba abin da za ka lura da shi. Ni da na sani, na ga yadda kan sandar ke taɓa ƙafar benci kafin ya wuce. Ya yi alkawarin faɗin gaskiya. Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko ya san wanda ake tuhuma, ya ce mijin 'yarsa ne. Ya tambaye shi abin da ya faru bayan la'asar ɗin nan. Tsohon ya ja numfashi ya ce ya ga wucewarsa a kan babur, ya yi wajen gonar Alhaji Mati. Muryarsa ta yi ƙasa a wurin, amma ya faɗa. Na juya ta yadda take.

Ku da kuke cewa aikin banza ne, ku tsaya a inda na tsaya ranar. Na san maganar da ta fita ta bakina ba haka take ba. Na san abin da zai warware ta, kalma uku ce ko huɗu. Ina tsaye tsakanin mutum biyu, ɗaya zai rasa shekarunsa, ɗaya zai rasa mutuncinsa, kuma ba ni da ikon ko gyaran murya. Na ji haushin Haladu, na ji tausayinsa, na ji haushin tsohon ma. Lauyan ya kafe ni da ido daga benci, na kau da kai na kalli bango.

Mai shari'a ta ce wanda ake tuhuma ya yi tambayoyinsa. Haladu tun shigowar surukinsa bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Babu tambaya.”

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta fahimci akwai kunyar surukuta, don haka ta ce in nauyin tsohon yake ji, ya faɗa wa kotu tambayar, kotu za ta yi masa ita, ba sai sun haɗa ido ba. Ya ce ya gode, babu tambaya. Ta ce ga lauyansa nan zaune, yana so a dawo da shi? Ya ce a'a. Ta ce a ɗage zama ya je ya yi tunani? Ya ce tunanin da zai yi ya riga ya yi shi. Sai ta ce in gaya masa da kyau, da Hausar da ba ta da kwana: wannan ne kaɗai shaidar da ya ce ya gan shi, in bai ƙalubalanci maganar ba kotu tana iya ɗauka ya yarda da ita, kuma a kanta ana iya ɗaure shi shekaru a gidan yari. Na faɗa, da ƙarfi, yadda na baya ma za su ji.

Haladu ya ce, “Ranki ya daɗe, mutumin nan ya ba ni 'ya bai tambaye ni komai ba. Ni ma ba ni da abin da zan tambaye shi.”

Na juya. Ta rubuta, ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce shaida yana iya sauka.

Malam Inuwa bai motsa ba. Masinja ya matso ya ce Baba an sallame ka, ya ɗaga masa hannu. Ya juyo wajen da muryata take fitowa ya ce, “Malam tafinta, maimaita mini abin da ka ce za a yi masa.” Na nemi izini, mai shari'a ta gyaɗa kai, na maimaita. Ashe shi duk zatonsa abin bai wuce a ci Haladu tara ko a ja masa kunne ba, kamar yadda ake yi a gaban dagaci. Ya riƙe bakin akwatin da hannu biyu. Haladu ya ce a hankali, “Baba, ka sauka kawai.”

Tsohon ya ce, “Ranki ya daɗe, ina da tambaya, tun da shi ba shi da ita. Yaron nan ta ina yake tsaye?”

Tsakaninsa da Haladu bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Ya ce, “Tun da na shigo nake jin muryarsa, ban ga fuskarsa ba. Ke ma muryarki nake ji. Rabona da ganin fuskar mutum an kwana biyu. Ƙarar babur na ji ranar nan, na ce shi ne. Da aka ce gani na yi, na kasa cewa a'a.”

Na juya, kuma ban san yadda muryata ta fita daidai ba. Daga baya na ji wata mata ta fashe da kuka, aka ce 'yarsa ce, matar Haladu. Mai gabatar da ƙara ya miƙe zai yi magana, ya sake zama. Mai shari'a ta yi wa tsohon tambayoyi kaɗan da kanta, cikin ladabi, ba ta ɗaga masa yatsu ba. Ta yi masa faɗa a kan maganar farko, faɗa na gaske, ta ce da ya sauka da ita da ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Ya ce haka ne, kuma wannan karon ba ladabi ba ne. Da yake babu sauran shaidar da ta haɗa Haladu da wutar, ta sallame shi. Wanda ya ƙona dawar Alhaji Mati kuwa, har na bar aiki ban ji an gano shi ba.

Abin da tsohon ya ji tsoro bai fasa faruwa ba. Na samu labari daga baya dagaci ya daina aika masa, aka ma samu waɗanda suka so a tayar da iyakokin da ya nuna a shekarun ƙarshe. Ya san haka za a yi tun yana riƙe da bakin akwatin nan. Na yi aiki da lauyoyi masu kaifin baki, na ga sun kuɓutar da mutane da yawa, kuma har gobe duk wanda ya nemi shawarata ce masa nake ya karɓi lauya, domin ba kowa ke da suruki irin Malam Inuwa ba. Amma na gode wa Allah da dokar ta bar wa mutum damar ya ce shi zai tsaya wa kansa, na kuma gode da ya sa ni ne a tsaye ranar.

Da aka tashi na fito shan ruwa, sai na tarar da su a bakin baranda. Mutanen ƙauyen sun yi cirko-cirko, kowa ya rasa ta inda zai fara. Malam Inuwa yana tsaye a saman matakala, sandarsa tana laluben gefe. Haladu ya zo ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba, ka yafe mini. A kaina asirinka ya tonu.”

Tsohon ya ce, “Ni na tona kayana. Kai kuma da ka bari an ɗaure ka, wa zai riƙa kai ni Kano?” Ya miƙa hannu cikin iska, ɗan nesa da inda Haladu yake. “Tashi ka riƙe ni. Yau ba sai mun jira mun bar gari kafin ka kama hannuna ba.”